Kwana Uku a Jidda da Inna

Watan Maris ne, zafi bai yi ƙarfi ba tukuna,
iskar teku na shiga Jidda da ɗanɗanon gishiri.
Asibitinmu na Yanbu ya sake ni kwana uku.
Na ce, Inna, kin yi umra, kin sha zamzam,
yanzu zo mu ga gari.
Ta ce, gari ai mutane ne, na gan su a tasha.
Amma ta yafa mayafin fita, ta rungumi 'yar jakarta.

Gidan adana zane-zane, sanyi kamar cikin randa,
daɓe na sheƙi har tana jin nauyin takawa.
Ta tsaya gaban wani zane, ba mutum, ba dabba,
shuɗi zalla, sai farin layi guda da ya karkace.
Na fara karanto mata rubutun da ke gefe,
ta ɗaga hannu: Bari.
Mai wannan aiki ya taɓa yin rashi.
Dubi inda hannunsa ya yi rawa, nan, can ƙasa.
Shekara shida ina karanta hoton ƙirjin mutane,
ban ga wannan ba sai da ta nuna.

A ɗaki na uku, cikin gilashi,
an haska masa fitila shi kaɗai,
ga faifai.
Na kaba, ja da kore, daga wani ƙauyen Jazan.
Inna ta yi dariya har mai gadi ya waiwayo.
Ashe abin da nake rufe fura da shi,
a nan sai da tikiti!
Ta sunkuya tana ƙirga zagaye da leɓɓanta.
Mai shi ta gaji a na sha bakwai, in ji ta,
ko yaro ya yi kuka, ko tuwo ya kama.
Da irinsa ta biya mini kuɗin jarrabawa.
Ba ta faɗa ba. Ni ma na yi shiru.

Kashegari sai Balad,
tsofaffin gidaje masu tagogin katako
sun jingina da juna kamar dattawa bayan la'asar.
Saƙon mutanen Gusau na rubuce a bayan kwalin magani:
turaren wuta na Ladidi, carbin Kawu Ɗanjuma,
kwalli, dabino, gyale ruwan toka.
Ba ta jin Larabci, Bayamalen ba ya jin Hausa,
amma yatsu sun san yaren juna.
Ya ce sittin. Ta juya baya, taku uku.
Ya kira ta Hajiya, ya dafa ƙirji, ya sallama a talatin,
ya ƙara mata kofin shayi
kamar wanda aka kayar a kokawa ya ji daɗin faɗuwar.

Da dare muka zauna bakin teku,
ruwa na tsiri sama, iska na yayyafa shi.
Aka kawo gasasshen kifi, shinkafa ruwan ƙasa,
da wata miya baƙa-baƙa a ƙaramin kwano.
Ta ɗanɗana da ɗan yatsa: Tsamiya!
Ke ma nan kika zo ci-rani?
Ta leƙa hagu, ta leƙa dama,
ta zaro ƙullin yaji daga jaka,
ta barbaɗa mini, ta barbaɗa wa kanta.
Takardar kuɗi na ɓoye a ƙarƙashin faranti.
Ta gani. Ta bar ni da girmana.

A masauki na shafa mata man zafi a ƙafa.
Na ɗauka ta yi barci, na kashe fitila.
Can sai na ji muryarta cikin duhu:
Motarmu ta gobe ƙarfe nawa ce?
Na ce, sai bayan azahar.
Ta ce, to, da safe ki mai da ni wurin shuɗin nan.
Ban gama yi masa gaisuwa ba.